Motar Koyo Ta Sha Gas

A layin makanikai da ke bayan tashar mota rumfuna goma sha ɗaya ne, amma mutum ɗaya tak ya rubuta "Injiniya" a allonsa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya sayo fenti, shi ya hau benci ya rubuta. A gida Auta ake ce masa. 'Yan layin kuwa, da suka san aikinsa ciki da bai, Saura-Ƙiris suke kiransa, don duk abin da ka kai masa gyara, ko bayan mako ka dawo, amsar da za ka samu ke nan. Janareto ya fi taɓawa, sai injin ban ruwa jefi-jefi. Masu motoci sun daɗe da gane hanya. Wuce rumfarsa suke yi su tsaya a ta Baba, tsohon bakaniken da ke maƙwabtaka da shi, wanda ko allo ba shi da shi.

A duk faɗin garin, wadda ta rage tana kawo masa mota ita ce yayarsa. Yaya tana da makarantar koyon tuƙi, kuma makarantar kaf ɗinta mota ɗaya ce, wata 'yar tsohuwa fara mai jan allo a ka, da birki biyu da kuloci biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya na malama. Da wannan motar take riƙe da gida da 'ya'ya uku.

Ranar da abin zai faru, ƙarfe takwas na safe ta faka a gaban rumfarsa, ta fito ta ɗaga makullin sama, ba ta miƙa masa ba tukuna.

"Auta, buɗe kunnenka. Fulogi za ka canza. Sai ka ɗan ɗaga silo, don da ɗalibi ya saki kuloci sai ta mutu. Abu biyu. Maimaita."

"Haba Yaya, a gaban mutane?"

"Maimaita."

"Fulogi da silo."

"Ƙarfe huɗu jami'in duba motoci zai zo filin bayan nan. In ya sa hannu, an sabunta min izini. In bai sa ba, sai bayan wata biyu zai sake zagayowa, kuma wata biyun nan ba ni da ikon hawa titi da ɗalibi ko ɗaya. Ka gane?"

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Motarki tana hannun Injiniya."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan," in ji ta. Ta sakar masa makullin, ta tari tasi ta tafi ofishin izini karɓo takardu.

Gaskiya a faɗe ta, cikin minti ashirin ya canza fulogai huɗu, ya ɗaga silo, injin ya dinga juyawa a tsaye lafiya lau, ba tari ba rawar jiki. Da ya rufe bonet a nan ya wanke hannu, da yau ba mu da labari. Amma da ya sunkuya zai ajiye sifana, sai idonsa ya faɗa kan shuɗiyar tukunyar gas da ke ƙarƙashin benci.

Makonni ke nan tukunyar nan tana cin ransa. A wurin mai sayar da tsofaffin kayan mota ya samo ta, an ciro ta daga wata motar tsere da ta yi haɗari, da tiyonta, da ɗan famfon lantarkin da ke buɗe ta, ga ta da nauyi, alamar da sauran gas a ciki. Naitiros ake ce wa gas ɗin. Ya gani a wayarsa yadda ake danna maɓalli mota ta zabura, wuta na fita ta salansa, mutane na ihu. Bidiyon da ke bayanin yadda ake haɗawa na minti arba'in ne. Ya kalli minti shida na farko, sauran ya ce maimaici ne. Mota kawai ya rasa. Ya nemi aro wurin mutum biyar, duka biyar ɗin nan take suka tuna suna da tafiya.

Yanzu ga mota, ga makulli, ga awa bakwai a gaba.

Mai faci, wanda rumfarsa ke fuskantar tasa, shi ya fara hango shi yana jan tukunyar zuwa but.

"Injiniya, girki za a yi?"

"Tarihi za a yi. Ka ga motar nan? Yau da yamma, jami'i na sa hannu zan ɗauki Yaya mu hau babban titi, in danna abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayanta yana zaginta wai ta matsa, yau zai ga jan allon nan yana ƙanƙancewa a gabansa."

"Motar koyo ce fa."

"Shi ya sa. Wa zai zata?"

Mai faci ya ajiye tayar da ke hannunsa ya jawo benci ya zauna. Shi mutum ne da ba ya hana kowa yin abin da zai zame masa labari.

Can sai Baba ya ji ƙarar injin huda ƙarfe. Ya leƙo ya tarar an huda murfin matatar iska, an cusa bakin tiyo, an naɗe da robar faci. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya dubi tukunyar, ya dubi motar.

"Ɗana, ka san mene ne wannan gas ɗin?"

"Ƙarfi ne, Baba. Ƙarfi a tukunya."

"Ba mai ba ne. Iska ce mai sa wuta ta ci da zafi. In za ka ba inji ita, dole ka ƙara masa fetur daidai da ita, in ba haka ba zafin ya cinye fiston. Sannan ka ja taimin baya, fulogi ya ɗan jinkirta ba da wuta. Da gas wutar tana ci da sauri, in ta tashi da wuri za ta tari fiston yana kan hawowa ta buge shi a ka. Kuma ba a sakin sa mota na tsaye. In ka bi tawa ma, ka mayar da tukunyar inda ka ɗauko ta. Motar nan ta sha wahala ta ƙoshi."

Saura-Ƙiris ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa tsoho in ya tambayi yadda ake kunna waya.

"Baba, da girmanka. Gudu ake nema, kai kana cewa a jinkirta? Wa ya taɓa riga wani zuwa ta hanyar makara? Gaba zan tura taimin. Wuta ta riga fiston isa, ta jira shi."

"Jiran da za ta yi masa shi ne matsalar."

"Fetur kuma, in mace tana da gas a kicin, ƙara gawayi take yi? Ragewa zan yi. Yaya ta samu gudu, ta samu sauƙin mai."

"Yayarka ta ce tana neman gudu?"

"Ba ta san tana nema ba ne."

Baba ya koma rumfarsa ya dawo da fitilar duba taimin da guntun alli. "To riƙe wannan. Ko ba komai ka sa alama kafin ka juya distribita, don ka san inda za ka mayar."

"Mayarwa? Baba, mu gaba muke ci. Fitila kuma ka bar abarka, kunnena ya fi ta gani."

Baba ya karanta lambar wayar da ke jikin jan allo, ya kira sau uku, a kashe. Yaya tana layi a ofishin da ake sa mutane kashe waya. Ya girgiza kai ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara.

Shi kuwa Injiniya aiki ya kama ba ji ba gani. Ya sassauta notin distribita, wato ɗan kan nan da ke raba wa fulogai wuta, ya murɗa shi gaba sai da ya ji ya ƙi motsi. Ya kwance kafireta, ya zaro jet, ɗan bututun da fetur ke bi, ya kalle shi a rana ya ce raminsa ya yi faɗi, almubazzaranci ne. Ya laluba gwangwanin tarkacensa ya samo na janareto, mai rami kamar na allura, ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya.

Ya murɗa makulli. Sitata ta yi gurnani, injin ya turje, ya yi wani tari ya mayar da ita baya.

"Ta ƙi," in ji mai faci.

"Mamaki take yi. Ba ta saba da lafiya ba."

A karo na huɗu ta tashi. Da ya taka totur sai aka ji wata ƙara daga cikin injin, ƙar-ƙar-ƙar, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Daga ƙarƙashin motar maƙwabta muryar Baba ta fito: "Fiston ne yake kuka."

"Yunwar gudu ce, Baba!"

Ya zagaya but don ya gwada tukunyar. Bai ɗaure tiyo da kyau ba, yana murɗa kan tukunya gas ya fesa masa a babban yatsa, fari fat, sanyi kamar ƙanƙara. Ya yi tsalle, ya cusa yatsan a hammata, ya zagaya motar sau biyu yana taka rawar da ba kiɗa. Wani wari kamar na ashanar da aka kashe ya cika rumfar. Mai faci ya toshe hanci yana tari yana dariya.

"Injiniya, tarihin ya fara?"

"Gwajin matsi ne. Dole a yi shi da fata."

Saura maɓalli. Ya tsallaka wurin mai wayarin ɗin mota da ke ƙarshen layi ya kira shi. Mutumin ya zo, ya leƙa bonet, ya leƙa but, ya dubi jan allo.

"Ban zo ba, ban gani ba, yau ma ban fito aiki ba," ya ce, ya juya.

Wannan bai dami Saura-Ƙiris ba. Ya zauna a kujerar direba yana nazari, sai idonsa ya sauka a tsakiyar sitiyari. Ga maɓalli nan Allah ya kawo, babba, a inda hannu yake. Ya fizge wayoyi biyu daga jikin hon, ya haɗa su da famfon gas, ya naɗe da salatif.

"To hon fa?" in ji mai faci.

"Mai hon shi ne wanda aka tare wa hanya. Daga yau ba mai kasancewa a gabanta."

Ƙarfe biyu da rabi aka yi gwaji. Ya lallaɓi mai faci ya shiga kujerar malama, a kan cewa sunansa zai shiga tarihi. Suka fito layi a giya ta biyu, tsakuwa na ta kaɗawa a gwangwani. Kan tukunyar kaɗan aka buɗe, amma da Injiniya ya danna tsakiyar sitiyari, tsohuwar nan ta zabura kamar akuyar da aka watsa wa ruwa. Mai faci ya ƙwala salati, ya taka abin da ƙafarsa ta samu da dukan ƙarfinsa, kuma abin da ta samu birkin malama ne. Gaba na ja, birki na riƙewa, tayoyi suka yi ƙara, motar ta karkace ta je ta sumbaci tulin tayoyin mai faci. Taya tara suka watse a layi, ɗaya ta gangara har cikin rumfar mai walda.

Mai faci ya fito, ya manta takalminsa ɗaya a ciki.

"Ka ga abin da ka jawo?" in ji Saura-Ƙiris. "Da ba ka taka birki ba da yanzu muna bakin tasha."

"Da yanzu muna asibiti."

"Amma ka ji yadda ta ja? Kuma kwata na buɗe. Kwata!"

Ya koma but ya buɗe kan tukunyar har ƙarshe, don kada abin mamakin da zai yi wa Yaya ya zo rabi-rabi. Ya jera jajayen robobin nan masu tsini da ake koyon fakin da su a kan tukunyar, suka rufe ta ruf. Ya rufe but, ya goge jikin motar da tsumma har tana ƙyalli. Kafin ya gama, mai faci ya bi rumfuna goma ya ba da labari, da ƙari.

Huɗu saura minti biyar Yaya ta sauko daga tasi a guje, takardu a hannu, bayanta wani dattijo da riga a goge da biro uku a aljihu. Hedimasta ne mai ritaya, ɗalibinta mafi biyayya, wanda ta zaɓa ya zauna a sitiyari a gaban jami'i, don shi duk abin da aka ce ya yi, yi yake har sai an ce ya bari.

Baba ya taso da sauri. "'Yata, zo ki ji wata magana."

"Baba, yi haƙuri, jami'i ya riga ya iso. Ina dawowa."

Ta shiga ta tayar da mota, ta kasa kunne, ta dubi ƙaninta ta taga.

"Auta, wannan ƙarar ta mece ce?"

"Sabbin fulogai ne, Yaya. Sabawa suke yi da juna."

Ba ta da lokacin musu. Ta ja motar a hankali zuwa filin baya. Da ta waiga sai ta ga layin makanikai kaf ya biyo ta, har da mai wayarin da bai fito aiki ba. Abin ya ɗan sosa mata rai don daɗi. Ba ta san suna ƙaunarta haka ba.

Jami'in duba motoci dogo ne, farar riga tas, allon rubutu a hannu, fuska ba wasa. Ya zagaya motar ya duba tayoyi, ya sa Hedimasta ya zauna a sitiyari da inji a kunne, ba a cikin giya ba, shi kuma ya tsaya a gaba.

"Fitila."

Hedimasta ya kunna. Jami'i ya ja layi a takarda.

"Babbar fitila. Sigina ta dama. Ta hagu."

Saura-Ƙiris yana gefe ya harɗe hannu, yana shirya jawabin da zai yi in an gama. Sai da ya ji "waifa" wani abu ya faɗo masa a rai. Ya leƙa takardar jami'in ta kafaɗa. Ƙarƙashin waifa akwai kalma ɗaya mai harafi uku. Gumi ya karyo masa nan take.

Ya lallaɓa bayan mota ya ja but, a kulle, makullin kuwa yana jikin sitiyari. Ya dawo gaba da sauri.

"Yallaɓai, sannu da aiki. Abin da ya rage ai lafiyarsa ƙalau, da safe na ji shi da kunnena."

"Kai ne wa?"

"Injiniyan makaranta."

"To Injiniya, matsa."

"Yallaɓai, unguwar nan ba a son hayaniya. Akwai marasa lafiya."

Jami'in ya dubi filin, ba komai sai tsofaffin motoci da makanikai sama da ashirin da suka ja baya taku goma ba wanda ya ce su ja.

"Auta," in ji Yaya ta cikin haƙora, "ka bar wurin nan."

"Yaya, a ɗan kashe motar minti ɗaya in ɗauko tsummana a but."

"Auta!"

"Hon," in ji jami'i.

Dabara ta ƙarshe da ta zo wa Injiniya ita ce ya juya baya, ya dunƙule hannu a baki ya ce, "Fiiim!" Ba wanda ya ji shi, don Hedimasta ya riga ya danna. Da bai ji hon ya yi ƙara ba, sai ya ɗauka ƙarfinsa ne bai kai ba. Ya sa hannu biyu, ya jingina da ƙirji, ya danne.

Injin ya yi wani ihu da ba a taɓa jin motar koyo ta yi ba. Tsakuwar gwangwani ta koma guduma. Sai ji aka yi daram! Bonet ya ɓalle ya miƙe tsaye, harshen wuta ya leƙo ya koma, baƙin hayaƙi ya feso ta gaba ya wanke jami'in daga hula har bel. Murfin matatar iska ya yi sama, ya dawo a kan gefensa, ya gangara yana ratsa filin, kowa na bin sa da ido, har ya je gaban Baba ya yi 'yan juye-juye ya kwanta. Injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Baƙin mai ya fara ɗiga a ƙasa.

Cikin shirun nan aka ji muryar Hedimasta, har yanzu yana kwance a kan sitiyari.

"Malama, in saki ko in ci gaba?"

Jami'in ya zare tabaransa. Wurin da tabarau ya rufe ne kaɗai ya rage da kalarsa ta asali.

"Wa ya yi wa motar nan aiki?"

Yatsu sama da ashirin suka nuna wuri ɗaya. Mai faci har da hannu biyu.

Saura-Ƙiris ya gyara murya. "Yallaɓai, abin da ka gani ba lalacewa ba ce. Ƙarfi ne ya yi wa injin yawa. A ƙa'ida ma yabo ya kamata, don babu motar koyo a ƙasar nan da..."

"Buɗe but."

Aka buɗe, aka kwashe robobi, ga shuɗiyar tukunya ta yi raɓa tana huci. Jami'in ya daɗe yana kallon ta.

"Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Na ga motar koyo ba birki. Na ga wadda aka ɗaure ƙofarta da igiya. Ban taɓa ganin wadda aka shirya wa tsere ba." Ya goge takardarsa da gwiwar hannu ya yi rubutu. "Hajiya, sai bayan wata biyu. Ki zo da hon mai ƙara, ba mai wuta ba."

Baba ya zaro fulogi ɗaya ya ɗaga. Sabon fulogin da aka sa da safe, tsininsa ya narke ya dunƙule, jikinsa duk ɗigon farin ƙarfe.

"Ka ga wannan farin? Fiston ɗinka ne ya biyo hayaƙi. Biyu sun huje, in ba uku ba." Ya taɓa distribita. "Ina alamar da na ce ka sa?"

Injiniya ya dubi ƙasa.

Ya shirya wa ihu. Tun suna yara ya san ihun Yaya, ya san yadda ake sunkuyar da kai har ya wuce. Amma ba ta yi ihu ba. Ta zauna a gefen but, takardun izini a cinya, tana shafa su har 'yan kallo suka fara jin kunya suna zamewa ɗaya bayan ɗaya.

"Jiya Mama ta ce kada in kawo maka," ta ce a hankali. "Na ce mata ƙanina ne. Na ce fulogi huɗu ba za su gagare shi ba."

"Ai ba su gagare ni ba, Yaya."

"Na sani. Shi ya fi min ciwo."

Ta tashi ta zare makullin daga jikin but, ta wuce shi kamar ba ya wurin, ta sa a hannun Baba. Duk abin da ya faru ranar, daga yatsa har hayaƙi, ba abin da ya taɓa Saura-Ƙiris kamar wannan. Ya ji kunya ta gaske, irin wadda ba ta da jawabi, kuma karo na farko a tarihin layin aka ga bakinsa a rufe.

Baba ya ce sai an sauke injin gaba ɗaya, kuma kafin a samo kaya a haɗa, mako uku ne. Yaya tana da ɗalibai shida, ta san in suka zauna mako uku ba darasi, wata makarantar za su koma. Ta kwana biyu tana tunani. A rana ta uku ta zo rumfar ƙaninta da sassafe, ta same shi yana kwance wani janareto ba surutu.

"Filin baya ba titi ba ne, ba ya buƙatar izini," ta ce. "Juya sitiyari, ribas, fakin tsakanin robobi, duk ana koya ba inji."

"To me zai tafiyar da motar?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

Haka aka yi. Kullum daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, 'yar farar motar tana zagaya fili ba ƙara ba hayaƙi, ɗalibi a sitiyari, Yaya a gefe, Injiniya a baya ya dafa but yana turi. In an ce ribas, ya zagayo gaba ya dafa bonet. Kwana uku bakinsa ya yi a rufe. A na huɗu ya warke.

Ranar Hedimasta ne a sitiyari, 'yan layin sun jeru a inuwa suna kallo. Saura-Ƙiris ya tsaya shan iska, ya share gumi, ya fuskance su.

"Ku dai ba ku gane ba. Wannan sabuwar hanyar koyarwa ce. Ba mai, ba hayaƙi, mota ba ta mutuwa. Nan da shekara biyu duk makarantu za su kwaikaya."

"Injiniya, doki nawa ne ƙarfin injin?" in ji mai faci.

Bai kula shi ba. Ya dafa but ya tura, mota ta ƙi motsi. Ya sa kafaɗa, ko gezau. Ya juya ya sa baya, ya kafa dugadugai a ƙasa, ya yi nishi har jijiyoyin wuyansa suka fito, takalminsa ya tona rami biyu. Mota tana nan inda take. Ya miƙe yana haki, ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya tashi ya kaɗe hannu.

"Na gano. Tunda aka cire inji, nauyi ya koma baya, sai tayoyin baya suka nutse. Ga kuma zafin rana ya sa robar ta kama ƙasa. Abin da za a yi, a rage iskar gaba, a ƙara ta baya, a ɗaura buhun yashi biyu a bonet. Ni da na hango wannan tun jiya, na so in..."

Gilashin gefen malama ya sauka a hankali. Yaya ta leƙo.

"Hedimasta ya ja birkin hannu."

Saura-Ƙiris ya tsaya baki buɗe. "Tun yaushe?"

"Tun da ka tsaya jawabi."

"Kuma kina gani, Yaya? Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"So nake in ji bayanin," ta ce. Ta juya wurin ɗalibinta. "Sauke birki, Hedimasta. Auta, zagayo gaba. Ribas za mu yi."